Ƙanwar Mai Ƙofar Ruwa

Kogin daga duwatsu yake saukowa, ya ratsa birane uku, sannan ya shige rairayi ya ɓace. Birnin farko a kan tudu yake, gidajensa na dutse, mutanensa masu saurin magana da gajeriyar gaisuwa. Na biyu a fili yake, inda kogin ya yi faɗi, garin 'yan kasuwa da masu lambu. Na uku shi ne na ƙarshe, bayansa babu komai sai hamada, kuma abin da na sama suka rage shi yake sha. Kowane birni da ganuwarsa da dattawansa, babu mai mulkin wani. Abin da ya haɗa su alkawari ne tun na kakanni: idan rani ya tsaya, mutanen tudu za su ɗaga ƙofofin madatsar ruwansu, na tsakiya su ɗiba, su bar saura ya wuce.

A birnin ƙarshe akwai wata mata da kowa ke kira 'Yar Tudu. A tudu aka haife ta, aure ya kawo ta. Mijinta mai gonar dabino ne, ya je tudu sayen dutsen niƙa yana saurayi, ya dawo da dutsen da kuma maganarta a baki. Ta haihu a gidansa, ta aurar da babbar 'yarta, furfura ta fara leƙowa, amma har yanzu da ta buɗe baki a kasuwa an gane ta.

"'Yar Tudu," in ji matar mahauci, maƙwabciyarta kuma aminiyarta, "wannan gaisuwa taku kamar ana bin ku da sanda?"

"Ku kuma kafin ku gama tambayar lafiyar akuya, tukunya ta ƙone."

A yi dariya a watse. Ta koyi zaman garin sarai. Ita da take tsalle daga kan dutse ta faɗa ruwa tana yarinya, ta iya wanke fuska da hannu da ɗan ruwan da bai cika ƙoƙo ba, ta kai sauran gindin dabino.

Sai aka yi shekarar da rani ya tsaya ruwa bai zo ba. Aka jira. Kwarin kogin ya tsattsage, kwalekwalen masu fito suka kwanta a kan yashi, ganyen dabinon bakin gari ya fara ja. Dattawa suka tura manzanni tudu, aka ba su masauki da abinci, aka ce musu babu ruwa, suka dawo. A lokacin ne mutane suka tuna cewa mai riƙe da ƙofar ruwan tudu yayan 'Yar Tudu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, aikin da ya gada wurin mahaifinsu.

Ba wanda ya zage ta. Sai dai in ta iso bakin rijiya hira ta tsaya. Wata safiya matar mahauci ta dube ta, ba alamar wasa a fuskarta, ta ce, "Kina samun labarin gida? Suna lafiya? Suna dai wanka ko?"

Ba a jima ba babban dattijon garin ya zo gidansu da kansa. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar zaure, mijinta ya kira ta, ta durƙusa daga gefe.

"'Yata, ba faɗa muka ce ki je ki yi ba," in ji dattijon. "Manzanninmu baƙi ne a can. Ke kuwa ɗakin uwarku za ki shiga."

"Baba, yayana ɗan aiki ne. Ruwan ba nasa ba ne."

"Na sani. Amma hannunsa ne a kan sarƙar."

Da ya tafi, mijinta ya daɗe yana gyaran igiyar hawan dabino wadda ba abin da ya same ta. Can ya ce, "In ba ki so, sai in ce musu ni ne ban yarda ba."

Ta san zai faɗa, ta kuma san abin da zai biyo baya a kansa. Ta ce, "Bari in je, Maigida. Ko ba komai na ga Inna."

Aka haɗa ta da wani mai fito, mutum mai yawan surutu da son a so shi, wanda yake da wani kwalekwale a birnin tsakiya wurin surukinsa, can kuma yake kai dabino ya sayo hatsi. Suka bi tsakiyar kwarin kogin a kan jakuna, inda a da sai da kwalekwale ake wucewa. Tun kafin su kai birnin tsakiya ta fara jin ƙanshin danyar ƙasa. Kogin a nan ya zama siriri, amma lambuna kore shar, kuma ta ga sababbin magudanai da aka haƙa daga gaɓa zuwa gonaki, ƙasarsu ko bushewa ba ta yi ba.

"Waɗannan fa?" ta tambaya.

"Yaya, ki gani da ido ki bar shi a nan," in ji mai fito. "A garin nan nake cin abinci."

Daga nan suka shiga kwalekwale, yana tura shi da gora, wani wuri su sauka su ja. A ƙarshe ganuwar dutse ta birnin tudu ta bayyana. A bakin ƙofa mai gadi ya tambaye ta wurin wa ta zo. Ta amsa masa da harshen da take ganin na gida ne. Ya dube ta ya ce, "Maganarki ta mutanen rairayi ce." Sai da ta faɗi sunan mahaifinta da unguwarsu ya matsa mata hanya.

Gidan yana nan yadda ta bar shi, matakalar dutse da ta lotsa a tsakiya, tagar da ke kallon madatsa. Inna ta tsufa, idonta ya yi hazo, sai da ta shafa fuskarta ta ce, "Auta ce? Kin bushe." Matar yayanta ta kawo mata ruwan wanka cike da babban daro. Ta ɗebi kaɗan ta yi abin da za ta yi, ta fito da sauran tana neman bishiyar da za ta zuba wa. Matar yayan ta yi dariya har da riƙe ciki, ta karɓe daron ta watsar a tsakar gida. 'Yar Tudu ta tsaya tana kallon ruwan yana bin tsagin duwatsu.

Yayanta ya shigo da yamma. Dogon mutum ne marar magana, tafin hannunsa duk kanta saboda sarƙa. Ya yi murna da ganinta, amma bai tambayi abin da ya kawo ta ba. Washegari ya ce ta zo su je.

Madatsar katanga ce ta dutse tsakanin tsaunuka biyu, da ƙofofin katako uku masu kauri, kowace da sarƙarta da gungumen da ake murɗawa a ɗaga ta. Ya kai ta har kan katangar ya nuna mata wani dutse mai faɗi can sama.

"Kin tuna inda muke tsalle?"

Ta tuna. A da ruwa yana taɓa gindinsa. Yanzu wanda ya yi tsalle daga nan a kan tsakuwa zai sauka.

"Damina ba ta yi a duwatsu ba," in ji shi. "Ba ƙarya muka yi wa mutanenku ba. Dattawa sun ce ba a ɗagawa sai an ga hadari."

"Amma akwai ruwa, Yaya. Ga shi ina gani."

"Akwai na bana. In baɗi ta zo haka fa?"

"Mu ba ma maganar baɗi. Jikata daga laka ake tace mata abin sha."

Ya kalli ruwan. Sannan ya ce, "Ki kwaso yaran ku dawo nan, har da mijinki. Ɗakunan sama babu kowa."

"Da surukan 'yata? Da maƙwabta? Dabinon kuma in ɗoro su a ka?"

"Auta, ni ba ni na yanke ba."

"A tsakar gidanka jiya aka zubar da abin da zai ishe mu kwana da yini." Sai ta faɗi abin da ta san zai soke shi. "Baba ya taɓa barin rani ya wuce bai ɗaga ƙofar nan ba?"

Ya sunkuya ya cire wata ciyawa daga tsagin katanga ya jefar.

Ta yi 'yan kwanaki tana yi wa Inna tsifa da tausa. Ta je gaban dattawan tudu, suka saurare ta cikin mutunci, ɗaya daga cikinsu ma abokin mahaifinta ne, ya sa mata albarka, ya ce ta gaida mutanen gida. Ita da yayanta ba su sake tayar da zancen ba. A wurin cin abinci yana kallon kwanonsa, ita tana kallon nata.

Ranar da za ta tafi ranar kasuwa ce. Ta ɗaure kayanta, mai fito yana jira a mashiga. Rana tana tsaka yayanta ya shigo ya ce, "Zo ki kama mini."

Ba a ɓoye ya yi ba. Ya bi ta tsakiyar unguwa, yana amsa gaisuwa, ya hau katangar, ya zare sandar da ke tare gungumen babbar ƙofa. Aikin maza uku ne. Ya sa kafaɗa, ita ma ta sa tata, sarƙa ta yi ƙara, ƙofar ta motsa kamar ba ta so. Sai ruwa ya fito ta ƙasa, da fari baƙi da laka, daga baya fari fat, da rugugin da ta manta tun tana yarinya. Suka ci gaba da turawa har ƙofar ta kai rabi, ya mayar da sandar.

Daga kasuwa aka fara ihu, mutane suna gudu suna hawowa.

"Tafi," in ji shi, yana haki. "Ki bi ruwan. Kafin su taru su sauke, wanda ya fita ya fita."

"Kai fa?"

"Ina zan je? Nan ne wurin aikina."

Ya zauna a kan katangar ya miƙe ƙafa. Haka ta bar shi.

Ruwan ya ɗauki kwalekwalen kamar kara. Mai fito ya ajiye gora ya kama filafili, yana dariya yana waƙa, yana cewa shi zai fara shiga gari da labari, a ɗauke shi a kafaɗa. Ita kuwa tana waiwaye har ganuwar ta ɓace. Daga baya ta bar waiwaye ta fara tunanin gonar mijinta, wane layi zai fara sha.

Labari ya riga su isa birnin tsakiya. A ƙasan gari, inda kogin ya tsuke, an jera buhunan yashi da itatuwa da tsofaffin tabarmi daga gaɓa zuwa gaɓa. Maza suna tsaye a kai riƙe da masu da fartanyoyi, wasu suna buɗe bakin sababbin magudanan, ruwa yana kwarara cikin albasa da alkama. Aka daka wa mai fito tsawa ya raɓa gefe, ya raɓa.

Ta sauka cikin ruwa har gwiwa ta nufi wani mai ƙiba da ke ba da umarni. "Wannan ruwan namu ne. Don mu aka sako shi."

"Baiwar Allah, da suna a jikinsa?" in ji shi. "A ƙofar gidanmu ya zo. In mun ƙoshi za mu buɗe."

"Yayana ne ya ɗaga ƙofar. Ba da izini ba. Ba za a ƙara ba."

"To kin ga dalilin da ya sa ba za mu bar shi ya wuce ba."

Ta tsaya a wurin har yamma. Ruwan ya yi ta ƙaruwa, sannan ya tsaya, sannan ya fara ja da baya. Ta gane an sauke ƙofar. Abin da ya tsiyaya ta tsakanin buhunan ya bi kwarin kogin kamar igiya, suka bi shi a ƙafa washegari, kafin rana ta yi zafi suka iso inda ya ƙare. Yashi ya ɗan yi duhu, gaba kaɗan ya koma fari.

A gida dattawa suka taru a zauren babbansu, ta faɗa musu komai yadda ya faru. Aka juya ga mai fito.

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya ruwa ya ɗan ƙaru muna hanya. Ko ruwan sama aka yi a duwatsu, ko mene ne, Allah masani. Ni ina mashiga, ban hau madatsa ba."

"Buhunan fa?" ta ce. "Mazan da ke riƙe da masu fa?"

"Mutanen tsakiya kullum suna gyaran gaɓarsu, Yaya."

Ta dubi fuskokin dattawan ɗaya bayan ɗaya, ta ga ba wanda zai sake tambayarsa. Hatsin garin daga birnin tsakiya yake zuwa. Faɗa da tudu na baki ne, suna nesa. Faɗa da tsakiya yunwa ce. Babban dattijon ya ce ta yi ƙoƙari, Allah ya saka, ta je ta huta.

Mijinta ya yarda da ita, ya faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare, har aka fara kauce masa. A bakin rijiya kuwa zancen da ya zauna shi ne ta je gidansu ta ci ta sha ta yi wanka, ta dawo fata na sheƙi, ta kawo musu tatsuniya. Aka haƙa rijiyoyi masu zurfi a tsakiyar kwarin, aka raba ruwa gida gida da tulu. Dabinon bakin gari suka mutu a tsaye. Mijinta ya sare rabin nasa don rabin ya rayu, yana saran yana kauda kai. Wasu gidaje suka rufe suka bi ayari.

Ana cikin haka wata rana da hantsi mai gadin ƙofar gabas ya aiko a kira ta, wai wani baƙo yana nemanta. Ta tarar da yayanta a zaune a gindin ganuwa daga waje, da ƙunshin kaya da sanda, ƙafafunsa sun farfashe. An karɓe aikin daga gidansu an ba wani. An ba shi wa'adi ya bar gari. Matarsa ta koma gidan iyayenta da yaran, Inna kuma tana wurin tata ƙanwar.

Ta ruga wurin dattawa, mijinta yana bin ta. "Ga shi nan a ƙofa," ta ce. "Ku tambaye shi. Ku tambaye shi don me aka kore shi."

Babban dattijon ya dube ta. Ya tsufa ƙwarai a 'yan watannin nan. "'Yata, ko da abin da kika faɗa haka yake," in ji shi, "wanda tudu suka kora, in muka ba shi masauki, da wane baki za mu roƙe su baɗi?"

"Ranka ya daɗe, surukina ne," in ji mijinta. "A ɗakina zai kwana, daga tuluna zai sha."

"Tulunka na gari ne."

Kafin su koma ƙofa jama'a sun taru a kan ganuwa suna leƙen mutumin da ya hana su ruwa. Ba a jefe shi ba. Wata tsohuwa ce kawai ta tofa yawu, ta faɗi sunan jikanta da ya rasu.

'Yar Tudu ta koma gida ta zuba abinci, ta juye rabonta na ruwan ranar a gora, ta fita ta gaban kowa. Suka zauna a 'yar inuwar ganuwar. Ya sha kaɗan ya miƙo mata, ta ce ya shanye, ya ƙi.

"Ta cikin kwarin na biyo," in ji shi. "Na ga inda ya tsaya."

"Yaya, ni na sa ka."

"Ke kika murɗa mini hannu?" Ya ɗan yi murmushi. "Da na san haka ne da na ɗaga duka ukun. Wataƙila da ya fi ƙarfin buhunansu."

Ta tambaye shi Inna. Ya ce ba a gaya mata ba, an ce mata ya tafi gyaran wata madatsa.

Ya kwana biyu a wurin, mijinta yana fita da bargo yana zama da shi. Sannan wani ayarin raƙuma mai zuwa ɗaukar gishiri ya tashi, madugun yana neman wanda ya san aikin dutse da igiya, saboda rijiyoyin hanya suna rubzawa. Yayanta ya ce zai bi su. Bai taɓa hawa raƙumi ba, da dabbar ta miƙe sai da ya rungume wuyan sirdi, yaran madugu suna dariya. Ta tsaya har suka shige tsakanin tuddan rairayi.

Damina ta gaba ta yi kyau a duwatsu. Da rani ya tsaya, sabon mai ƙofa ya ɗaga ƙofofin bisa umarnin dattawansa, mutanen tsakiya suka ƙoshi suka kwashe buhunansu, ruwa ya iso birnin ƙarshe da rana tsaka, yara suna gudu a gabansa. Dattawa suka yanke a aika wa sabon mai ƙofar kyautar dabino, kowane mai gona kwando ɗaya, wanda ya ƙi a tsallake layinsa ranar ban ruwa.

Mijinta ya shigo da kwandon ya ajiye a tsakar gida, ya tsaya a kansa.

"In kin ce kar a kai, ba za a kai ba."

"Mu rasa sauran itatuwan?" Ta jawo tabarma ta zauna. "Kawo buhun."

Ta zauna tana tsince masu tsutsa tana jefa wa akuya, tana jera masu kyau. Ayarin gishirin ya dawo a watan, ta je ta tambayi madugun labarin yayanta. Ya ce sun bar shi a wata rijiya mai nisa, mutanen wurin sun roƙa ya tsaya ya ɗaure musu bakinta da dutse. Da suka biyo ta kan hanyar dawowa rijiyar ta gyaru, amma an ce ya wuce gaba da wani ayarin, ba wanda ya san na ina.